Busasshen fure a akwatin Albert Ayler

Sau ɗaya tak na taɓa riƙe akwatin a hannuna, a gidan wani dattijo a Samaru, tsohon malamin jami'a da ya yi karatu a Amurka ya dawo da ciwon tara faifai. Kafin ya miƙo mini sai da ya ce, "Kai yaro, je ka wanke hannunka tukuna." Na ce, "To, Baba." Na wanke na dawo. Baƙin akwati ne, an yi shi da siffar sassaƙen katako, a ciki akwai faifan CD guda 9, da wani ƙarin faifai na lokacin da mai kiɗan yake cikin badujalar sojan Amurka, da littafi mai kwali na shafi 208, da hoton mutumin yana yaro, da wani busasshen fure a cikin 'yar takarda. Sunan kundin Holy Ghost, wani ƙaramin kamfani mai suna Revenant ya fitar da shi a 2004. Duk abin da ke ciki na Albert Ayler ne, mai busa saksofon ɗan garin Cleveland, wanda aka tsamo gawarsa daga kogin East River na birnin New York a ranar 25 ga Nuwamba 1970, yana da shekara 34.

Furen ne ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya rayu yana neman kuɗin haya, wanda shahararren mai busa saksofon John Coltrane yakan tallafa masa da na cefane, ga shi shekara 34 bayan mutuwarsa ana sayar da shi har da fure, a farashin da shi kansa da zai yi tunani biyu kafin ya biya. Tun ranar nake juya maganar. Ina son waɗannan akwatuna, ba zan ɓoye ba, kuma ina ganin aikin ceto suke yi. Amma na daɗe da daina yarda cewa duk wanda ya tono tsohon tef ya saka shi a kwali mai ƙyalli ya yi wa mai kiɗan alheri ke nan.

Ga wanda bai san kiɗan ba: a ƙarshen shekarun 1950 wasu makaɗan jaz, akasarinsu baƙaƙen fata, suka tsinke linzamin da aka saba bi, wato jerin amon da aka tsara tun farko wanda kowane mai busa zai zagaya a kansa. Sunan salon ya fito ne daga faifan Ornette Coleman mai suna Free Jazz, wanda aka ɗauka a ranar 21 ga Disamba 1960, makaɗa 8 sun rabu gida biyu suna kiɗa lokaci guda na kusan minti 37. Ayler ya wuce nan. Yakan ɗauko wata 'yar waƙa mai sauƙi irin ta coci ko ta faretin soja, ya busa ta sau biyu, sannan ya yayyage ta da kururuwa da gurnani. Wani abokina da na kunna masa ya tambaye ni ko akuya ake yankawa. Ni kuwa algaita ce ta faɗo mini, irin wadda mabushin ke kumbura kumatu a ƙofar fada, sautin ya shiga ƙashin mutum kafin ya shiga kunnensa. Ba kiɗan da zai cika gidan rawa ba ne, kuma bai cika ba. Cecil Taylor, wanda yau ake sa shi cikin manyan masu kaɗa fiyano na ƙarni na 20, ya yi wankin kwanuka a gidajen abinci a farkon shekarun 1960 don babu mai ɗaukarsa wasa.

Daga nan batun tef ya samo asali. Kiɗan da ake ƙirƙira shi nan take ba ya da takardar da wani zai ɗauka bayan shekara hamsin ya sake kaɗawa. Abin da aka busa daren Talata ya tafi da daren Talata, sai fa idan akwai na'ura a kunne. Manyan kamfanoni kuma ba su cika kunna na'urarsu saboda waɗannan mutane ba. Shi ya sa tarihin salon nan ya warwatsu a wurare irin na tsintuwa: rumbun gidan rediyon Finland da na Denmark da na Faransa, jakar wani mai sha'awa da ya shigo da rikoda kulob, ƙarƙashin gadon wata bazawara. Mabushi Eric Dolphy, kafin ya tafi Turai a 1964 inda ciwon sukari ya kashe shi a Berlin, ya bar wata jaka a hannun abokansa Hale Smith da matarsa Juanita. Tef ɗin da ke cikin jakar bai fito kasuwa ba sai 2018. Coltrane ya kaɗa shahararren aikinsa A Love Supreme gaba ɗaya a wani kulob a Seattle ranar 2 ga Oktoba 1965, tare da Pharoah Sanders, wani mabushi mazaunin garin mai suna Joe Brazil ya ɗauka ya ajiye a gida. Sai 2021 duniya ta ji. Har gidan rediyon da iyayenmu ke kamawa da asuba yana da hannu a irin wannan: tef ɗin mai kaɗa fiyano Thelonious Monk da Coltrane na zauren Carnegie Hall da ke New York, na Nuwamba 1957, Muryar Amurka ce ta ɗauka, ya kwanta a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka har 2005 kafin wani ma'aikaci ya ci karo da shi.

Wanda yake ganin tef yana da aminci a hannun kamfani bai san labarin gobara ba. A 1978 wuta ta cinye rumbun kamfanin Atlantic a Long Branch ta jihar New Jersey, ta tafi da tarin abubuwan da ba a taɓa fitarwa ba. Kundin Ornette mai faifai 6 da aka fitar a 1993, Beauty Is a Rare Thing, abin da ya tsira ne. A ranar 1 ga Yuni 2008 wata gobarar ta tashi a rumbun Universal a Hollywood, kuma jama'a ba su san girman ɓarnar ba sai da mujallar New York Times ta yi dogon bincike a 2019; kamfanin ya yi musun adadin, amma bai yi musun cewa an yi asara ba. Wani lokaci ma ba wuta ba ce, ganganci ne. Zaman da Coltrane ya yi a sutudiyon Rudy Van Gelder ranar 6 ga Maris 1963 ya ɓace daga rumbun kamfani, abin da ya cece shi kawai kwafin da ya tafi da shi gida don saurare, wanda ya zauna a hannun dangin matarsa ta farko, Naima, har aka fitar da shi a 2018. Ko babu wuta, tef ɗin maganaɗisu yana da kwanansa: yana shan raɓa, yana mannewa, yana zubar da ƙurar da ke riƙe da sautin. Wasu sai an gasa su a hankali a tanda kafin su yarda a kunna su sau ɗaya a kwashe abin da ke ciki.

Saboda haka idan wani ya ce mini waɗannan kundaye wasan masu kuɗi ne kawai, ba na yarda. Kwashe tef, gyara sauti, gano ranar da aka yi wasan da sunan wanda ya kaɗa ganga, neman magada, biyan gidan rediyo, duk kuɗi ne, kuma masu sayen irin wannan kiɗa a duniya duka ba su da yawa. Akwati mai tsada shi ne dabarar da ke sa mutum dubu biyu ko uku su ɗauki nauyin aikin da babu gwamnatin da za ta biya. Wani lokaci kuma kundin yakan gyara tarihi. Misalin da na fi so shi ne wasanni biyu da Ayler ya yi a Fondation Maeght da ke kudancin Faransa, ranakun 25 da 27 ga Yuli 1970, wata huɗu kafin mutuwarsa. Shekaru da yawa gutsattsarin wasan kawai ake da shi. Da kamfanin Elemental ya fitar da cikakken abin da gidan rediyon Faransa ya ɗauka, a 2022, sai ga abokiyar zamansa Mary Maria Parks a tsakiyar fage, tana waƙa tana busa, ga jama'a suna tafi kamar za su rushe wurin. Masu sharhi sun daɗe suna ba da labarin shekarunsa na ƙarshe kamar labarin mutumin da ya ɓata hanya, har wasu na ɗora wa matar laifi. Tef ɗin ya nuna mutum cikin ƙarfinsa da farin cikinsa. Ba littafin da zai iya yin wannan gyara.

To ina matsalar?

Tana wurin Henry Grimes. Shi ne mai kaɗa babbar gogen nan ta tsaye da ake kira bes, ya yi aiki da Sonny Rollins da Cecil Taylor da Ayler kansa. A ƙarshen shekarun 1960 ya koma California, gogensa ta lalace, ba shi da kuɗin gyara, ya sayar da ita, ya ɓace. Aka ɗauka ya mutu. Sai a 2002 wani ma'aikacin jin daɗin jama'a mai son jaz ya bi sawu ya same shi a wani ɗan ɗaki a Los Angeles, yana 'yan ƙananan ayyukan ƙarfi yana rubuta waƙoƙi a littafi. A duk tsawon shekarun nan faifan da ya kaɗa a cikinsu suna ta sake fitowa, ana ta yaba shi a takardun da ke cikin kwalin, shi kuwa ba ya da ko kayan kiɗa. Wani mai kaɗa bes, William Parker, shi ne ya aika masa da wata bes mai launin kore, da ita ya dawo fage a 2003. Giuseppi Logan, wani mabushin na zamanin, shi ma an sake gano shi a 2008 a New York bayan shekaru na rashin matsuguni da zaman asibiti. Su biyun cutar korona ta kashe su a Afrilun 2020, kwana biyu tsakani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba sabon abu ba ne a wannan fage. Kamfanin ESP-Disk na lauya Bernard Stollman shi ya ɗauki Spiritual Unity na Ayler ranar 10 ga Yuli 1964, kuma ba don shi ba da rabin wannan tarihi babu shi. Takensa shi ne cewa mai fasaha kaɗai ke yanke abin da za a ji a faifansa, kuma ya cika wannan alkawari. Amma makaɗa da yawa da suka yi aiki da shi sun mutu suna ƙorafin ba su ga kason ciniki ba. Haka ake faɗa game da kamfanin BYG na Faransa, wanda ya ɗauki faifai masu yawa a Paris a bazarar 1969, lokacin da su Archie Shepp suka dawo daga bikin al'adun Afirka na Aljiyas. Idan yau aka sake tattara waɗannan faifan aka yi musu sabon kwali, a kan wace yarjejeniya? Idan a kan tsohuwar ce, wadda matashi mai yunwa ya sa wa hannu don ya samu na abincin dare, to an sake cutar da shi ne da takarda mai kyau. Ni abin da nake fara nema a bayan kowane kundi shi ne layin nan da ke cewa an fitar da shi da izinin magada. In babu shi, sai in ji kamar an kawo mini naman da ban san wanda ya yanka ba.

Akwai kuma batun ko mai kiɗan yana so a ji abin. Ba duk abin da na'ura ta kama ne aiki ba. Wani gwaji ne, wani daren da mabushin ba shi da lafiya ne, wani kuma shi da kansa ya saurara ya ce a ajiye. Ornette yana da rai, makonni kaɗan kafin rasuwarsa a Yunin 2015, aka shigar da ƙara da sunansa kan wani faifai da aka fitar a 2014, ana cewa ba da yardarsa ba. Waɗanda suka fitar suka ce da saninsa aka yi. Idan mai rai zai shiga wannan rigima, ina ga wanda ke kabari? Masu tara faifai suna da wata cuta ta son "cikakke", a ba su komai har da tarin da mai ganga ya yi kafin a fara. Ina fahimtar cutar don ina da ita. Amma na saurari kundaye da dama da rabin abin da ke ciki bai ƙara wa mai shi daraja ba, sai dai ya ƙara wa akwatin nauyi da farashi. A nan nake ganin bambancin aiki irin na kundin marigayi mabushi Julius Hemphill mai faifai 7 da New World Records ta fitar a 2021. Marty Ehrlich, wanda ya yi shekaru yana busa tare da Hemphill, shi ya zauna ya tace tef ɗin ya zaɓa. Wanda ya san mutum ya san abin da zai ji kunyarsa. Ko kuma William Parker, da ya buɗe nasa rumbun da hannunsa, wani ƙaramin kamfani a Lithuania mai suna NoBusiness ya fitar da faifai 6 na ayyukansa na 1976 zuwa 1987. Yana raye, ya zaɓa, ya yi bayani da bakinsa. Da za a tambaye ni, da irin wannan za a fi yawaita, a daina jiran mutum ya mutu kafin a san tef ɗinsa na da daraja.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarancin da ake ƙirƙira da gangan. Ana buga kwafi ƙidayayye, a sa wa kowanne lamba, a ce in ya ƙare ya ƙare. Wani lokaci dole ce: kamfanin Mosaic, wanda ya shahara da wannan tsari tun farkon shekarun 1980, aron haƙƙin yake yi daga manyan kamfanoni na ɗan lokaci da adadi, shi ya sa kundinsa na Anthony Braxton na 2008 ya ƙare bai dawo ba. Amma sau da yawa dabarar kasuwa ce kawai. Sakamakon kuwa ɗaya ne. Cikin 'yan watanni kundin ya ɓace daga shago ya bayyana a shafukan 'yan gwanjo da ninkin farashi, kuma ko sisi daga wannan ribar ba ta zuwa gidan mai kiɗan. Wasu masu sayen ko ledar ba sa cirewa, don kar darajar ta faɗi. Ka ga tef ɗin da ya yi shekara hamsin a ƙarƙashin gado ba wanda ya ji shi, an ciro shi, an kashe kuɗi an gyara, ya koma kan kantar wani likitan haƙori a cikin leda, ba wanda ya ji shi. An canza masa kabari ne kawai.

Ka kuma tuna don wa aka yi kiɗan. Mai kaɗa fiyano Sun Ra da ƙungiyarsa da hannu suke zana bangon faifansu na El Saturn, su sayar a bakin fage bayan wasa. Horace Tapscott, shi ma mai kaɗa fiyano, ya ƙi barin unguwannin baƙar fata na Los Angeles don yana so yaran wurin su ji su koya. Mutanen nan suna kallon Afirka a matsayin gida: Sun Ra ya zo Legas bikin FESTAC a 1977, mai busa ƙaho Lester Bowie ya zauna wurin Fela a shekarar nan, Yusef Lateef kuwa, wanda ma ba ya son a kira kiɗansa jaz, ya yi shekara huɗu a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a cibiyar nazarin al'adu ta Jami'ar Ahmadu Bello, har da nazarin sarewar Fulani. Yau ɗalibin kiɗa a wannan jami'ar, in yana son ya mallaki irin akwatin da na riƙe, ba wuya a nemi dala 100 a hannunsa kafin kuɗin aikowa, abin da ya haura mafi ƙarancin albashin wata na naira 70,000. Yaron unguwar da Ayler ya tashi a Cleveland ma ban ga alamar shi ake buga wa ba.

Ba cewa nake a daina akwatin ba. Mai kuɗi ya sayi furensa da littafinsa mai kwali, Allah ya ƙara masa buɗi, da kuɗinsa aka biya mai gyaran sauti. Amma bayan shekara ɗaya ko biyu sautin kansa ya kamata ya fito fili, a intanet a farashi mai sauƙi, kason magada yana tafiya, a kuma ajiye kwafi da duk bayanan da aka tattara a ɗakin karatun da kowa zai iya shiga. Wasu kamfanonin suna yin haka, kuma ban ji wanda ya karye saboda shi ba. Takardun Alton Abraham, abokin aikin Sun Ra, saura ƙiris a zubar da su bayan rasuwarsa a 1999. Waɗanda suka cece su ba su kulle su a gida ba, sun kai su Jami'ar Chicago. Wannan shi ne riƙon amana. Mu ma da muke zaune kan kasusuwan Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya, kwafin kwafin kwafi, muna tura wa juna a waya ba ranar ɗauka ba sunan 'yan amshi, ba mu da bakin yi wa kowa dariya. Ranar da wani daga waje zai zo ya tattara su ya buga kwafi dubu ya sa lamba, tambayoyin nan za su zama namu.

Dattijon na Samaru bai bar ni na tafi ba sai da ya kunna mini abu ɗaya daga akwatin. Coltrane ya rasu ranar 17 ga Yuli 1967, kuma kafin ya rasu ya nemi Ayler da Ornette su yi kiɗa a jana'izarsa. Ranar 21 ga wata, a cocin St. Peter's na New York, Ayler ya tsaya da ƙanensa Donald a kan ƙaho, Richard Davis a kan bes, Milford Graves a kan ganguna. Wani ya kunna 'yar rikoda daga nesa. Sautin ba shi da kyau ko kaɗan, amsa-kuwwar ginin ta cinye rabinsa. Minti shida ne da 'yan kai. Can kusa da ƙarshe Ayler ya cire saksofon daga bakinsa ya yi kururuwa da muryarsa. Da ya ƙare na ce, "Baba, a sake mana." Ya girgiza kai, ya mai da faifan cikin takardarsa, ya gyara wa furen zama, ya rufe akwatin. Da na koma gida na nemo shi a waya, wani ya ɗora shi, ban san ko da izini ba. Na saurara sau uku.